DARASIN KIMIYYA DA FASAHA: Yadda Ake Canza Batirin Tsohon Fad ɗin Gem

A wannan fitowa mun kawo muku darasi a kan batirin da ake yi wa caji. Mun san wasu malamai za su ce me ya kawo gem allon makaranta. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin batirin da ke cikin fad ɗin gem irinsa ne a cikin wayar hannu da ke kowane gida.

ABIN DA YA SA MUKA YI WANNAN DARASI

Yayanmu yana da ɗan gidan gem a nan Birnin Kudu. Talabijin biyu ne, da PS4 biyu da ya saya na hannu, da fad huɗu. Fad shi ne abin da ake riƙewa da hannu biyu ana danna maɓallai idan ana buga ƙwallo. Daga abin da yake samu a shagon yake saya mana littattafan rubutu da biro, wani lokaci har da takalmin makaranta.

A bazarar da ta wuce fad biyu suka fara mutuwa ana tsakiyar wasa. A yi musu caji tun safe, amma kafin a gama wasa uku sun ɗauke. Masu wasa suka fara cewa a mayar musu da kuɗinsu, wasu suka koma wani shagon. Yaya ya ce mu muka lalata su, saboda mu yake bar wa tsaron shago ranar Lahadi idan ya tafi sallar La'asar. Muka rantse ba mu taɓa yar da su ƙasa ba, bai yarda ba. Ya hana mu shiga shagon, ya kuma ce kuɗin sababbin fad daga kuɗin littattafanmu na zango mai zuwa za su fito.

Da aka yi hutu muka roƙe shi ya ba mu fad ɗaya mu tafi da shi Gwaram, wurin kawunmu mai gyaran waya. Kawu ya juya shi, ya kwance, ya ɗago batirin ya nuna mana. Ya ɗan kumbura kamar burodi. Ya ce, "Yara, wannan ba laifinku ba ne. Tsufa ne da zafi. Ku zauna in nuna muku, gobe ma ku yi da hannunku." Abin da ya koya mana, da abin da muka ƙara tambayar malaminmu na Kimiyya, shi ne muka rubuta a nan.

WANE IRIN BATIR NE A CIKI?

Ba kowane fad ke da batir ba. Na PS2, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2000, da waya ake jona shi. Na Xbox yawanci batir biyu yake ɗauka irin na rimot babba, ana buɗe murfi a canza. Amma na PS3, da ya fito a 2006, da na PS4, da ya fito a 2013, batirinsu a ciki yake a rufe, sai an kwance noti kafin a gan shi.

Sunan wannan batir litiyam-ayon. Litiyam wani ƙarfe ne marar nauyi da ake haƙowa daga ƙasa, har a jihar Nasarawa ana haƙo shi. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da irin wannan batir a kasuwa a 1991. A 2019 aka ba masana uku kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikin da suka yi a kansa: John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino.

A cikin batirin akwai ɓangare biyu, da wani ruwan sinadari, da siririn shinge a tsakani. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam suna tsallakawa su taru a ɓangare ɗaya. Idan ana wasa, sai su dawo ɗaya ɓangaren, wannan dawowa ce take ba fad wuta. Malam ya kwatanta mana da randa biyu. Ka ɗebo ruwa daga wannan ka zuba a waccan, ka sake dawo da shi. Kowane zuwa ɗan kaɗan yana zubewa. Bayan an cika batir an ƙarar da shi sau ɗaruruwa, sai ka ga ba ya riƙe abin da yake riƙewa da.

Zafi yana ƙara saurin tsufan. Shagon Yaya rufin kwano ne, kuma kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a garinmu. Ga shi ana ɗora fad a kan gem ɗin da ya wuni a kunne. Idan sinadarin ciki ya fara lalacewa sai ya fitar da iska, iskar ba ta da hanyar fita, shi ya sa batir ke kumbura.

RUBUTUN DA KE JIKIN BATIR

A jikin batirin fad ɗin PS4 mun ga 3.65V da 1000mAh. A na PS3 an rubuta 3.7V. Harafin V yana nufin ƙarfin da ke tura wutar. Shi kuma mAh yawan wutar da batir ke iya adanawa ne, kamar girman randa.

Ga lissafi mai sauƙi. Mu ce wata na'ura tana jan 200mA. Idan aka raba 1000 da 200 za a samu 5, wato batir mai 1000mAh zai yi awa biyar. Idan ya tsufa yana riƙe rabi kawai, 500 a raba da 200, awa biyu da rabi ke nan. Ashe lissafin da muke yi a aji yana nan a cikin fad.

KAFIN A KWANCE KOMAI

Kawu ya ce mai gyaran kirki ba ya fara da kwancewa. A fara duba waɗannan:

1. A gwada wata wayar caji. Sau da yawa wayar ce ta karye daga ciki.
2. A leƙa ramin caji. Ƙurar hunturu tana cika shi. A share da tsinken sakace a hankali, ban da allura.
3. Akwai ɗan ƙaramin rami a bayan fad. A danna maɓallin da ke cikinsa na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a jona fad da gem a sake gwadawa.
4. Fad ɗin PS3 sau da yawa ba ya karɓar caji daga kan cajar waya. Sai an jona shi da gem ɗin ko da kwamfuta. Kada a ce ya mutu alhali ba a ba shi abinci ba ne.

Idan fad yana aiki muddin waya na jikinsa, amma da an cire ya ɗauke, to batir ne.

KAYAN AIKI

Ƙaramar sukundireba mai bakin tauraro, irin ta masu gyaran waya. Katin roba, kamar wanda ake ɓallo layin waya daga jikinsa. Murfin kwalba na zuba noti. Farar takarda ta shimfiɗawa. Salatif. Sai sabon batir, da babban mutum da zai zauna kusa.

Wajen sayen batir akwai tarko. Fad ɗin PS4 na farko bakin jonawar batirinsa babba ne. Wanda aka fitar daga 2016 bakinsa ƙarami ne. A duba takardar da ke liƙe a bayan fad: na farko an rubuta CUH-ZCT1, na baya CUH-ZCT2. Idan za a aika saya daga Kano, a Farm Centre ko titin Beirut, a ɗauki hoton tsohon batirin da bakinsa a tura wa mai sayowa. Kada a yarda da batirin da V ɗinsa ya yi nisa da na asali. Kada kuma a ruɗu da ƙaton adadin mAh da aka buga a jikin ɗan ƙaramin batir.

MATAKAN CANZAWA

1. A kashe fad, a cire wayar caji. A wanke hannu a bushe shi sosai.
2. A kifa fad a kan takarda. Na PS4 noti huɗu ne a baya, na PS3 biyar. A kwance su a zuba a murfin kwalba.
3. A sa katin roba a tsagar da ke tsakanin gaba da baya, a bi gefe a hankali har maƙalan su saki. Ban da wuƙa, domin tana iya huda batir.
4. A buɗe kamar ana buɗe littafi, kada a fizga. A fad ɗin PS4 akwai wata siririyar waya mai faɗi da ta haɗa bayan da fanel, masu gyara suna ce mata fileks. Idan ta yage, caji ya tsaya gaba ɗaya. A zare ta a hankali daga mazauninta.
5. A lura da maɓallan L2 da R2. Suna da 'yan ƙananan sifirin da ke iya tsalle su ɓace. Namu ya faɗi, sai da muka yi rarrafe a ƙasan shagon Kawu kafin muka gano shi.
6. Kafin a cire batir a ɗauki hoto. A lura da inda jar waya take da inda baƙa take.
7. A kama farin bakin jonawar a zare. Kada a ja wayoyin kansu.
8. A jera sabo da tsoho a kwatanta. Idan ja da baƙa sun sauya wuri a sabon, a dakata a kai wa mai gyara, domin jona shi a haka yana iya ƙona fanel.
9. A jona sabon, a kwantar da shi a mazauninsa, a tabbata babu wayar da murfi zai danne.
10. A mayar da fileks, a rufe, a danna kowane maɓalli a ji yana motsi, sannan a ɗaure noti. Kada a matse da ƙarfi, roba ce.
11. A sa caji har ya cika kafin a fara wasa.

Akwai fad na jabu da yawa a kasuwa. Cikinsu ba ya kama da wanda muka bayyana, wasu ma an liƙe batirinsu da dalma. Irin wannan aikin mai gyara ne, ba namu ba.

GARGAƊI MAI MUHIMMANCI

Wannan shi ne ɓangaren da Kawu ya fi ja mana kunne. Batirin da ya kumbura ba a sa masa caji, ba a danna shi, ba a lanƙwasa shi. Wasu suna huda shi da ƙusa wai iska ta fita ya koma daidai. Wannan kuskure ne babba. Idan shingen da ke ciki ya tsage, ɓangarorin biyu za su haɗu, batirin ya yi zafi nan take ya kama da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Idan ya fara hayaƙi a matsa nesa, a kira babba, a zuba masa yashi.

Kada a jefa tsohon batir a bola, domin a unguwanninmu ana cinna wa shara wuta, kuma ƙannenmu suna tsince-tsince a wurin. Kada a jefa shi a masai ko kusa da rijiya. A naɗe bakinsa da salatif, a sa shi a gwangwani mai yashi, a ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa, sannan a miƙa wa mai gyaran waya. Haka za a yi wa batirin waya ma.

YADDA SABON ZAI DAƊE

A ajiye fad a inuwa, ban da kan gem mai zafi. Kada a riƙa barinsa ya ƙare ƙurmus kullum. Idan ya cika a cire. Idan za a daɗe ba a amfani da shi, a bar shi da kamar rabin caji. A yi caji da jikin gem ko caja mai 5V.

YADDA TA ƘARE

Da muka dawo Birnin Kudu muka miƙa wa Yaya fad ɗin, da tsohon batirin a cikin gwangwani. Ya daɗe yana kallon kumburin. Fad ɗin ya yi wasa tun bayan La'asar har aka tashi bai ɗauke ba. Washegari ya aika aka sayo batir na biyu, ya ce mu canza a gabansa. Hannunmu na rawa, amma mun yi. Kuɗin batir biyun bai kai na sabon fad ɗaya ba, don haka littattafanmu suka tsira. Yaya bai ce mu yi haƙuri da baki ba, sai dai ya saya mana sukundireba tamu ta kanmu, ya kuma sake ba mu tsaron shago ranar Lahadi, da sharaɗin sai mun nuna masa aikin gida mun gama.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin V da mAh?
2. Batir mai 1000mAh zai yi awa nawa a na'urar da ke jan 250mA?
3. Kawo abu biyu da za a duba kafin a kwance fad.
4. Me ya sa batir ke kumbura?
5. Me ya sa ba a jefa tsohon batir a bola?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a saka a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Wanda ke da tsohuwar waya ko fitila mai caji da ta daina riƙe wuta a gida, ya zo da ita taron kulob mu duba tare da Malam.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare, ɗan Kulob ɗin 'Yan Jarida.