Darasi: Yadda Za Mu Mai Da Tsohon Firam Ɗin Hoto Allon Ƙungiya

Karatu: 2 Sarakuna 12:9-12 da 2 Korintiyawa 8:18-21

'Yan'uwa manoma da masunta, a cikin ziyarar da muke kai wa ƙungiyoyin gama kai na ikkilisiyoyinmu, tun daga Shanga, mu bi ta Yelwa, har Wara da ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, mun lura da abu guda. Ƙungiya takan jure fari, takan jure tsadar taki, amma ba ta jure zato. Ranar da aka fara raɗe-raɗi a kan kuɗin da ke hannun ma'aji, daga ranar ta kama hanyar mutuwa.

Bara a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, wata ƙungiya ta tara kuɗi domin a sayo takin albasa gaba ɗaya. Ma'ajinsu dattijo ne mai tsoron Allah, ba mai musun wannan. A hanyar dawowa daga kasuwa ruwa ya shiga kwalekwale, littafin ƙungiya ya jiƙe, tawada ta bazu a shafi biyu. Da aka zo rabo, wani ɗan'uwa ya ce kuɗin buhu biyu ya biya, ma'aji kuwa ya ce buhu ɗaya ya tuna. Ba shaida. Ɗan'uwan nan ya yi wata huɗu bai taka majami'a ba, matarsa ma ta janye daga zumuntar mata. Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga laifin har da namu. Mu ne muka koya musu ajiye littafi, muka tafi muna murna, ba mu kula ba cewa mutum uku kaɗai ne a cikinsu suka iya karatu, littafin kuwa kullum yana cikin jakar mutum ɗaya.

A zamanin sarki Yowash, sa'ad da ake tara kuɗin gyaran Haikali, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye shi inda kowa ke gani, kuma magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga abin da aka zuba. Manzo Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba. Ba wanda ya ce mutanen nan ɓarayi ne. Sun dai san halin zuciyar ɗan Adam, suka toshe ƙofar zato tun bai shigo ba. Mu ma muna iya yin haka da allo guda a jikin bango, inda za a rubuta wanda ya biya da abin da aka kashe, a gaban idon kowa. Allon nan ba sai mun jira wani ya kawo mana daga birni ba.

Inda za a samu firam

Firam shi ne katakon nan mai kusurwa huɗu da ake sa hoto ko madubi a ciki. Akwai su da yawa suna kwance a gidajenmu: na hoton biki wanda gilashinsa ya fashe, na madubin da ya dusashe, na tsohuwar shahada da ruwa ya ɓata. Masu ɗaukar hoto a Yelwa sukan tara waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba, 'yan gwanjo kuma sukan sayar da su da araha. Bayan kowane zaɓe ma akan samu manya-manya masu kyau, gama hoton wanda ya faɗi ba ya daɗewa a bango. Sai dai a roƙi mai abu kafin a ɗauka. In kuwa akwai hoton wani a ciki, musamman wanda ya rasu, a cire shi a hankali a miƙa wa iyalinsa.

A duba katakon sosai. In an ƙwanƙwasa aka ji kamar fanko, ko gari yana zuba daga ƙananan ramuka, ƙwari sun riga mu, a bar shi. In kusurwa ce kawai ta saki, ɗan gam da ƙusa biyu ƙanana sun isa. Ƙarami, kamar inci 8 da inci 10, ya yi wa mai koyon rubutu ɗaya. Na ƙungiya kuwa kada ya gaza ƙafa 2 da ƙafa 3.

Wani zai ce, me ya sa sai da firam? Ba ga bango ba, a shafa masa baƙi a huta? Bangon laka yakan sha ruwa da damina ya ɓare, kuma ba a ɗaukarsa a kai gindin bishiya ranar da zafi ya hana zama a ɗaki. Falle katako tsirara kuma mun ga ƙarshensa sau da yawa: yau an rufe tukunya da shi, gobe an tare ƙofar akurki. Amma abin da ke cikin firam mai ado, ko yaro ya san ba na wasa ba ne. Firam ɗin yana kuma riƙe gefen katakon kada ya lanƙwashe.

Yadda ake haɗawa

Da fari a cire gilashin. Kada a bar shi inda yara ke wasa, kada kuma a yi sha'awar shafa masa fenti a yi allo da shi, gama ranar da ya faɗi zai yanki wani. A auna cikin firam ta baya, a je wurin kafinta a nemi guntun filawud ko katakon silin mai santsi a fuska ɗaya. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya fi ƙarfin bukatarmu, ragowar da kafinta ya jingine a gefe ta isa. In ƙungiyoyi huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi falle guda, kowacce za ta samu ƙafa 2 da ƙafa 4.

A nan akwai kashedi biyu. Akwai wani silin mai launin toka, mai tauri kamar siminti, wanda aka yi wa tsofaffin makarantu da ofisoshi rufi da shi. Da yawansa akwai asbesto a ciki, ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru. Kada a yanka shi da zarto, kada a goge shi, a bar shi inda yake. Na biyu, tsohon fentin da ke jikin firam yana iya ƙunsar dalma. Mun tuna yadda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma dalma dalma ce, kuma yara ta fi kamawa. Saboda haka a jiƙa firam da ruwa kafin a goge shi, a yi aikin a waje nesa da madafa, a wanke hannu da sabulu.

Sa'an nan a goge fuskar katakon da samfefa mai laushi, a bi yadda zanen itacen ya tafi, a share ƙurar da tsumma mai ɗan laima.

Yanzu sai baƙin. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi fentin allo na gwangwani a shagon kayan gini. Ƙaramin gwangwani zai yi alluna da dama, don haka ƙungiyoyin da ke kusa da juna su haɗu su saya. In ba a samu ba, a nemi baƙin fentin ruwa marar ƙyalli, irin na bango, da farin garin nan da masu sa tayil suke cike tsakanin tayil da shi. Cokali 8 na fenti, cokali 1 na gari, a dama har gudaji su mutu. Garin ne yake ba fuskar allo ɗan kaushin da alli zai kama. A dama kaɗan-kaɗan, gama yakan daskare da wuri. Fentin mai, mai ƙyalli, irin na ƙofa da taga, ba ya yi: alli yana zamewa a kansa, hasken taga kuma yana hana na gefe gani.

A shafa sau uku, siriri-siriri. Na fari daga sama zuwa ƙasa, na biyu daga hagu zuwa dama, na uku kamar na fari, kowanne ya bushe kafin a ɗora wani. A shafa wa bayan katakon ma sau ɗaya. Mu da ke bakin ruwa mun san abin da laima take yi wa katako; in fuska ɗaya ce kaɗai ta sha fenti, damina ɗaya za ta tanƙwara shi kamar akushi. Da hunturu fenti yakan bushe nan da nan amma ƙura takan manne masa, sai a shanya a cikin ɗaki.

In kuɗin fenti bai samu ba, akwai hanyar malamanmu na dā. A daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro ko kokon rogo mai ruwa-ruwa, a shafa da tsumma. Maƙwabtanmu na makarantar allo da gawayi da ƙaro suke haɗa tawadarsu tun kaka da kakanni. Wannan baƙin yakan koɗe, sai an riƙa sabuntawa bayan mako ɗaya ko biyu. Wasunmu sun tuna yadda ake fasa tsohon batirin tocila a kwashe baƙin cikinsa a shafa wa allon makaranta. Mun yi, muna yara, amma ba mu ba da shawararsa. Abin da ke ciki yana cin fata, yana ƙona ido, yara kuwa hannu a baki suke.

Bayan kwana uku, a kwantar da alli a gefensa a goga wa fuskar allon duka har ta yi fari, sa'an nan a share da busasshen tsumma. Kada a tsallake wannan. In aka yi rubutu a sabon allo ba a yi haka ba, rubutun farko zai zauna kamar tabo, kome sharewa. Daga nan a sa katakon cikin firam, a kafe ta baya da ƙananan ƙusoshi.

Ado kuwa a bar wa mata da matasa, sun fi mu ido. Zanen da ake yi wa ƙwarya ko tabarma yana yi wa firam kyau ƙwarai, haka kuma kifi, ko albasa, ko zangarniyar dawa a kusurwa. A rubuta sunan ƙungiya a sama da farin fenti. Amma ado ya tsaya a firam, fuskar allo ta rubutu ce. Wajen ratayewa, a sa 'yan guntayen katako a baya domin iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango, a riƙa leƙawa saboda gara.

Abin da za a rubuta

A ja layuka da farin fenti, waɗanda ba za su goge ba: gidan suna, gidan abin da aka biya, gidan abin da aka karɓa. A ƙasa a bar wuri domin jimla. Haruffa su kai tsayin inci 2, domin tsohuwar da ke zaune a baya ta gani. Ga wanda bai iya karatu ba tukuna, a zana masa alamarsa kusa da sunansa, wadda shi ya zaɓa: fartanya, ko taru, ko kaza. Buhu ɗaya, sanda ɗaya. A ƙungiyoyinmu akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukkawa, kowa da harshensa na gida, amma sanda biyu a gaban hoton taru ba ta bukatar tafinta. Mun kuwa ga abin da ba mu zata ba: mutum yana duban alamarsa kowane mako, kafin kaka sai ya gane sunan da ke gefenta. Daga nan ajin yaƙi da jahilci ya samu ɗalibi.

Mai biya ya miƙa kuɗinsa a gaban taro, magatakarda ya rubuta a allo yana tsaye, ma'aji ya shigar a littafi. Allo ba ya maye gurbin littafi, gama abin da alli ya rubuta hannun riga yana iya share shi. Kafin a goge, mutum biyu su gwada allo da littafi, wanda ke da waya mai hoto ya ɗauka ya ajiye. Da ƙungiyar nan ta ƙasar Ngaski ta yi haka, da jiƙewar littafi ba ta raba 'yan'uwa ba.

Muna roƙo kada allon ya zama wurin kunyata mutane. Ba a rubuta "mai bashi" a gaban sunan kowa. Gidan da ba a cike ba ya isa magana, sauran kuwa shugaba da mai bishara su je gida su ji dalili, watakila ciwo ne ko rashi. Kuma saboda halin tsaro da ƙasarmu ke ciki, allon kuɗi ya zauna a cikin ɗaki. Kada a rubuta wurin da kuɗi suke kwana ko ranar da za a tafi da su kasuwa.

In an samu firam na biyu, a yi allon farashi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da fadamu, aka ta da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, jama'ar bakin tafki suka ƙara dogara ga albasar rani da kifi, abubuwan da sai an kai kasuwa ake cin moriyarsu. Albasa takan faɗi warwas lokacin cira, ta hau bayan watanni. Duk wanda ya dawo daga kasuwar Yelwa ko ta Wara ya rubuta abin da ya tarar: buhun albasa, shinkafa shanshera, kwandon busasshen kifi, da kwanan wata. Dillalin da ya iso ƙauye zai tarar an riga shi da labari. Bayan shekara guda, in magatakarda yana kwafewa a littafi, ƙungiya za ta ga da idonta watan da ya kamata a sayar da wanda ya kamata a riƙe.

Domin tattaunawa a taronku na wannan wata: mutum nawa ne a cikinku za su iya faɗin abin da ke asusun ƙungiya yau ba tare da sun tambayi ma'aji ba? Wa ke da tsohon firam a gida, wa kuma zai je wurin kafinta? Ku sa rana, ku sa sunan wanda zai kawo alli, gama kwalinsa ba a cika samu a kasuwar ƙauye ba, sai an sayo daga Yelwa.