Boru a garke: koke daga Fanisau da amsarsa

Koken mai karatu

Wani magidanci mai kiwon shanu a yankin Fanisau, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, ya rubuto yana kukan cewa maƙwabcinsa ya sayo bijimi daga kara ya shayar da shi a komin da shanun magidancin ke sha, daga nan suka fara dalalar da yawu suna ɗingishi, har maraƙi ya mutu. Abin da ya fi ci masa rai, wanda ya yi ta nanatawa, shi ne maƙwabcin bai zo ko jaje ba duk da zumuncin iyayensu, yana kuma tambaya ko ya kai ƙara gaban dagaci.

Amsa

Alamomin sun yi kama da boru, wato ciwon baki da kofato, wanda ƙwayar bairos ke haddasawa, ta fito da ƙuraje masu ruwa a harshe da dasashi da tsakanin kofato da kan nono, ta kuma kama zuciyar ƙananan maruƙa. Cutar kan ɓuya kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, Malam kuwa bai faɗi ranar da bijimin ya zo ba, bai kuma ambaci awaki da tumakin gidansa ba, alhali suna yaɗa ta ba tare da sun nuna ciwo sosai ba.

Tambayar da ta fi ta dagaci muhimmanci ita ce inda shanun Malam ke shan ruwa a yau, domin a ƙasar Ungogo, inda turke ke jikin turke, mai sakin marasa lafiya yana aikata abin da yake zargin wani da shi. Wajibi ne a killace su da kominsu daban, a wanke musu baki da ruwan kanwa, a ba su dusa jiƙaƙƙiya, kada a kai ko ɗaya kasuwa. Allurar kemis ba ta kashe bairos, iyakarta hana miki ruɓewa.

Likitan dabbobi ne zai ɗebi samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, saboda nau'o'in O da A da SAT1 da SAT2 duk an same su a Najeriya, rigakafin wani ba ya karewa daga wani, ƙarfinsa kuma kan ragu bayan kimanin wata shida. Malam ya sanar da maƙwabtansa tun yau, har da wanda yake fushi da shi.