Tabo a Cikin Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa, akwai wani ciwo wanda ya kan zo, ya tafi, ya kuma komo. Mace ta tashi da safe ido ɗaya ya dushe, ko kuwa ƙafa ta yi nauyi tana janta. Bayan 'yan makonni ta warware. A nan Ribah, in haka ta faru, wanda ya ba da magani na ƙarshe shi ke shan yabo. Ran da ciwon ya komo kuwa, sai a ce sammu ne, a soma zargin maƙwabta.

Likitoci suna ce da ciwon nan MS, watau tabo da yawa. Ga yadda ya ke. Jijiyoyi da yawa na ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga ta kitse, kamar robar da ke rufe wayar lantarki. Garkuwar jikin mutum ita ce ke kuskure, ta cinye rigar nan wuri wuri, saƙo ya kasa wucewa. Ya fi kama mata, tsakanin shekara 20 da 40. Ba a ɗaukarsa daga wani.

A 1868 wani likita a Faris, Jean-Martin Charcot, ya bayyana ciwon, amma a zamaninsa ba a ganin tabon sai an buɗe gawa. A 1981, a Landan, aka fara ganinsa cikin kan mai rai da na'urar maganaɗisu da a ke kira MRI. Tabon ya kan fito fari fari a hoto. In aka yi wa mutum allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam, sabon tabo ya kan yi haske, tsoho kuwa ba ya yi.

Amma hoto wuri kaɗai ya ke nunawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, na'urar nan tana iya auna sinadaran da ke cikin tabon, ba tare da an taɓa wuƙa ba. Akwai ɗaya, NAA, wanda jijiya mai lafiya ke riƙe da shi. In ya ragu, jijiyar kanta ta sami lahani, ba rigarta kaɗai ba. Akwai kolin, wanda ya kan ƙaru sa'ad da rigar ke rugujewa. Har a wurin da hoto ya nuna lafiya lau, wani lokaci a kan tarar NAA ya ragu. Saboda haka warwarewar ƙafa ba ta nuna ciwon ya ƙare ba, gama yana iya ci gaba da aikinsa a ɓoye.

Kada mai karatu ya firgita. Ciwon ba shi da yawa a ƙasarmu kamar a Turai, yawancin shanyewar jiki da mu ke gani kuwa hawan jini ne ke kawo ta. Amma in alamun nan sun zo sun tafi har sau biyu, a nemi takarda daga likita a Zuru zuwa babban asibitin koyarwa, kamar na Sakkwato ko na Kano. Tun 1993 akwai magungunan da ke rage komowarsa, ko da ya ke ba su warkar da shi, suna kuma da tsada ƙwarai.