Littattafan Tafiye-tafiye: Da Wanne Za Ka Fara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sakandare. Ina sha'awar labaran matafiya da masu kutsawa ƙasashe masu nisa, amma ban san littafin da zan fara da shi ba. A taimaka mini da shawara.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka son karatu. Shawarata a dunƙule ita ce: ka fara da matafiyanmu na gida, sannan ka koma kan baƙin da suka zo mana, kuma kada ka yarda ka tsaya kan bakin mutum ɗaya. Matafiyi da idonsa yake gani, da zuciyarsa yake auna abin da ya gani. Sai ka ji daga baki biyu kafin ka san yadda hanya take.

Na gida tukuna

Nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944. Imam yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ya tafi Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Kana gama shi ka ɗora da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, labarin tafiyarsa Turai. Mutum biyu ne 'yan Arewa, zamaninsu ɗaya, amma ka lura da abin da ya ɗauki hankalin kowannensu.

In kana son ƙagaggen labari, ga Ruwan Bagaja, inda Alhaji Imam ya yi ta ratsa garuruwa yana neman ruwan magani, yana karo da Malam Zurƙe. Ga kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fi shi nauyi a zuciya: an sace yaro, ya ƙetare Sahara da ayari, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Duk biyun sun fito ne daga gasar rubutun Hausa ta 1933. Mai son tafiya sararin samaniya kuwa sai ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Barth da Dorugu

Nan ne nake so ka daɗe. Heinrich Barth Bajamushe ne da ya shiga ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya sauka Agadas, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, ya isa Tambutu a 1853, bai koma gida ba sai 1855. Littafinsa, Travels and Discoveries in North and Central Africa, juzu'i biyar ne. Kada ka ce sai ka fara daga shafin farko, za ka gaji ka ajiye. Buɗe juzu'i na biyu, ka tafi kai tsaye babin Katsina da na Kano. A can za ka ga yadda ya ƙiyasta mazauna Kano da dubu 30, su ninka a lokacin da fatake ke shigowa, da yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tambutu. Idan ka samu Barth's Travels in Nigeria, wanda Kirk-Greene ya tsamo a 1962, ya rage maka wahala.

To, a cikin ayarin Barth akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi. Ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara da shi, ya ga Landan, ya ga Jamus. A Ingila ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Tafiya ɗaya ce, amma Barth na kan doki yana rubuta sunayen garuruwa da farashin kaya, shi kuwa yaro yana ba da labarin yunwa da ƙishirwa da tsoro da kewar iyaye. Da suka isa Turai sai kallo ya koma wajen Turawa: Dorugu ne yanzu ke lura da yadda suke zama a teburi da yadda suke cin abinci. Rubutun Schön tsohon salo ne, zai ɗan yi maka tsauri, amma in ka karanta a bayyane kunnenka zai gane abin da idonka ya kasa. Akwai kuma fassarar Turanci ta Kirk-Greene da Paul Newman ta 1971, West African Travels and Adventures, wadda ta haɗa da labarin Maimaina na Jega.

Kafin Barth, Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A kasuwar Kano ya sayi laima koriya ƙirar Ingila. Ya kuma rubuta cewa ana sa sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko a Borno aka kwance aka tarar da algus, za a maido a karɓi kuɗi. Irin waɗannan ƙananan abubuwa nake so ka riƙa farauta.

Na Larabci da na nesa

Idan ka yi nisa a Islamiyya, nemi Rihlar Ibn Baɗɗuɗa. Ya bar garinsu Tanja a 1325 da niyyar aikin hajji, sai tafiya ta kai shi Indiya da Sin. A 1352 ya ratso Sahara ta Tagaza, garin da aka gina gidajensa da gishiri, ya shiga daular Mali. A hanyar komawa ya sauka Takadda, a Nijar ta yau, ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir. Ya yaba wa mutanen Mali kan zaman lafiya da kiyaye salla da haddar Alƙur'ani, ya kuma kushe wasu al'adunsu don ba su dace da na gidansu ba. Ka riƙe yabon da kushen duka, ka auna.

Daga nan sai ka miƙe ƙafa. Tété-Michel Kpomassie ɗan Togo ne da ya ga littafi kan Girinlan yana saurayi, ya bar gida, ya yi shekaru yana aiki yana matsawa gaba, har ya isa ƙasar ƙanƙara a 1965. Littafinsa da Faransanci ya fito a 1981, kuma akwai shi da Turanci, An African in Greenland. Sai The Ra Expeditions na Thor Heyerdahl ɗan Norway, wanda ya gayyato masu haɗa kwalekwalen ciyawa daga Tafkin Chadi suka haɗa masa jirgin da ya shiga Tekun Atlantika da shi a 1969.

Yadda za ka karanta

Na ɗaya, ajiye taswira a gefenka, ta takarda ko ta waya. Duk garin da aka ambata ka nemo shi, ka ja layi da fensir. Sunaye da yawa an karkatar da su a bakin baƙo, amma taswira za ta warware maka.

Na biyu, a kowane littafi ka tambayi kanka: wa ya biya kuɗin tafiyar, me aka aiko shi nema? Gwamnatin Ingila ce ta turo Clapperton da Barth, kuma neman hanyar ciniki na cikin saƙon.

Na uku, nemi waɗanda aka ambata a gurguje: madugu, ja-gaba, tafinta, ɗan dako, mai masauki. Idan ka karanta Mungo Park Mabuɗin Kwara na Nuhu Bamalli, ka tuna masunta da fatake sun daɗe suna bin kogin Kwara kafin Park ya gan shi a 1796.

Na huɗu, wajen samu. Na Hausa ka tambayi masu sayar da littattafan kamfanin NNPC na Zariya, ko ɗakin karatun makarantarku. Rihla ka duba wurin masu littattafan addini a kasuwa. Na Barth da Clapperton da Schön kuwa sun tsufa, ana sauke su kyauta a shafin Internet Archive.

Abu na ƙarshe, ɗana. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, amma kaɗan ne cikinsu aka rubuta labarinsu. In akwai tsohon alhaji ko tsohon direban babbar mota a unguwarku, ka je masa da littafi da biro a hutun nan. Tambaye shi inda suka kwana, abin da suka ci, wanda ya taimake su a hanya, ka rubuta yadda ya faɗa, da kwanan wata. Allah ya ba da sa'a.