Darasin Mako: Me Ya Sa Kirista Ke Kiran Yesu Ɗan Dauda?

Duk wanda ya buɗe Sabon Alkawari daga farko, abin da zai fara cin karo da shi jerin sunaye ne, ayoyi 17 na farkon Linjilar Matiyu. Da yawa daga cikin masu ɗaukar darasin addinin Kirista sukan tsallake wannan shafi, su ce ba labari a ciki. Ranar jarrabawa kuma sai a tambaye su dalilin da ya sa ake kiran Yesu Ɗan Dauda, su kama cizon biro. Amsar tana cikin sunayen nan. Waɗanda ba Kirista ba ma za su ƙaru, domin sanin abin da abokin zamanka ya gaskata yana rage gardamar banza.

Ma'anar Almasihu

Kalmar Almasihu tana da tushe ɗaya da kalmar Ibrananci mai nufin wanda aka shafa wa mai. Girkawa suka fassara ta da Kiristos, inda aka samo Kiristi. A Isra'ila ta dā, shafa mai a ka shi ne naɗin sarki, kamar yadda rawani yake a wurinmu. Haka Annabi Sama'ila ya shafa wa Dauda mai a Baitalami, yana autan Yesse, yana kiwon tumakin mahaifinsa. Saboda haka Bayahuden da ya ji an ce Almasihu, sarki yake fara tunawa.

Alkawarin da aka yi wa Dauda

Dauda ya yi sarauta wajen shekara ta 1000 kafin Miladiyya, na tsawon shekara 40, da farko a Hebron, daga baya a Urushalima. A Littafin Sama'ila na Biyu, sura 7, an ba da labarin yadda ya so ya gina wa Allah ɗakin sujada. Sai Annabi Natan ya zo masa da saƙo cewa Allah ne zai kafa masa gida, wato zuriyar sarauta, kuma gadonsa ba zai gushe ba. Wannan alkawari shi ne tushen duk maganar.

Gidan ya yi mulki kimanin shekara 400. A 1993 masu tonon kayan tarihi suka sami wani dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, da rubutun ƙarni na 9 kafin Miladiyya da ya ambaci gidan Dauda. Amma a wajen 586 kafin Miladiyya Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima, ya cire idanun Sarki Zadakiya, ya kwashe mutane zuwa bauta. Tun daga ranar ba jinin Dauda da ya sake hawa gadon. Zarubabel, wanda ya fito daga gidan, gwamna kawai ya zama a ƙarƙashin Farisawa. Hirudus, da ke mulki lokacin haihuwar Yesu, Romawa ne suka naɗa shi, kuma asalinsa daga Idumiya ne.

To, ina alkawari? Wannan tambaya ce ta sa Yahudawa suka riƙe maganganun annabawa da hannu biyu. Ishaya, sura 11, ya kwatanta gidan Yesse da kututturen itacen da aka sare, wanda zai sake toho. Mika, sura 5, ya ce mai mulkin zai fito daga Baitalami. Irmiya, sura 23, ya yi maganar sarki mai adalci daga zuriyar Dauda. Kusan shekara 600 ana jira.

Abin da Matiyu yake nufi da sunayen

Wanda zai nemi sarauta, sai ya nuna daga wane gida ya fito. Aikin da jerin Matiyu yake yi ke nan. Ya fara daga Ibrahim, ya bi ta kan Dauda da Sulemanu da sarakunan Yahuza, ya sauko kan Yusufu mijin Maryamu. Ya raba sunayen kashi 3, ya ce kowane kashi tsara 14 ne. Don lissafin ya fita, ya tsallake wasu sarakuna da Tsohon Alkawari ya ambata, kamar Ahaziya da Yowash da Amaziya. A al'adarsu ana iya kiran jika ɗa, kamar yadda maroƙi kan tsallake kakanni ya kama sunan wanda ya fi shahara.

Me ya sa 14? Masana da yawa sun ce sunan Dauda ne a ɓoye. A Ibrananci ana rubuta shi da baƙaƙe 3, kuma kowane baƙi yana da lamba: 4, da 6, da 4, jimla 14. Duk wanda ya taɓa koyon hisabi a makarantar allo zai gane wannan, domin a can ma dal 4 ne, wawu 6.

Akwai kuma mata 4 a jerin kafin a kai ga Maryamu: Tamar, Rahab, Rut da matar Uriya. Rahab mutuniyar Yariko ce, Rut kuwa daga Mowab. Malaman Kirista suna koyar da cewa an sa su ne don a nuna baƙi ma suna da rabo a wannan gida.

Inda ake gardama

Luka, a sura 3, ya kawo nasa jerin, yana komawa baya har zuwa Adamu. Daga Dauda ya bi ta kan ɗansa Natan maimakon Sulemanu, kuma ya kira mahaifin Yusufu Heli, alhali Matiyu ya ce Yakubu. Kirista sun daɗe da lura da wannan. Yuliyus Afirkanus, a ƙarni na 3, ya bayyana shi da dokar da ta ce mutum ya auri matar ɗan'uwansa da ya mutu ba ɗa, yaron ya ɗauki sunan mamacin. Wasu sun ce Luka layin Maryamu ya bi. Wasu kuma sun ce Matiyu magadan gadon sarauta ya jera.

Tambaya ta biyu ita ce: tun da Kirista sun gaskata budurwa ce ta haifi Yesu, yaya zai gaji Dauda ta wurin Yusufu? Amsarsu ita ce Yusufu ya ɗauki Maryamu zuwa gidansa, ya raɗa wa yaron suna, ta haka ya zama ɗansa a shari'a.

Yahudawa ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, domin suna jiran wanda zai kawo zaman lafiya a duniya, ya tattaro warwatsattsu. Kirista sun ce sauran alkawuran za su cika a dawowarsa. Musulmi kuwa sun san Annabi Dauda mai Zabura, kuma Alƙur'ani yana kiran Annabi Isa ɗan Maryamu Almasihu, amma ba su yarda da allantakarsa ko gicciye shi ba.

Wace irin sarauta?

Linjila ta nuna makaho Bartimawas yana kiran Yesu Ɗan Dauda a hanyar Yariko, ta nuna shi yana shiga Urushalima a kan jaki. Laifin da aka rubuta a kan gicciyensa shi ne sarautar Yahudawa, ko da yake ya gaya wa Bilatus mulkinsa ba irin na duniyar nan ba ne. Masanin tarihin Ikilisiya Yusebiyus ya kawo labarin cewa Sarki Domishiyan na Roma, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, ya sa an kawo masa jikokin Yahuza ɗan'uwan Yesu, don an ce jinin Dauda ne. Suka nuna masa hannuwansu da kanta ta noma, suka ce mulkin da suke jira na sama ne. Ya raina su, ya sallame su.

Aikin gida: ku buɗe Matiyu sura 1, ku ƙirga sunayen kashi na uku da kanku. 14 kuka samu ko 13? Ku rubuta amsa da dalili, ku miƙa wa wakilin ƙungiyarmu na ajinku kafin Juma'a. Za mu liƙa amsar da ta fi gamsarwa a nan mako mai zuwa.