Darasin Kimiyya: Yadda Ake Kare Sabon Daɓen Dutsen Allo a Sabha

Dutsen allo dutse ne baƙi-baƙi ko ruwan toka mai tsagewa falle-falle, irin wanda a da ake yi wa 'yan makarantar boko allon rubutu da shi. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin ruwa, ta daskare, sannan matsi da zafin cikin ƙasa suka sauya ta cikin miliyoyin shekaru. Matsin ne ya jera ƙwayoyin ma'adinansa a kwance, shi ya sa ake iya ɓare shi sirara-sirara a yi daɓe. Sifaniya, Barazil, Sin da Indiya suna cikin manyan ƙasashen da ke haƙo shi.

Duk da taurinsa, dutsen yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Idan ruwa, mai ko shayi ya zube, kafofin nan sukan tsotse shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Da zarar mai ya shige ciki, goge sama ba ya fitar da shi, sai ya zama tabo. Simintin da ake cike tsakanin duwatsun ma ya fi dutsen shan ruwa. Wannan ne dalilin shafa ruwan kariya.

Ruwan kariya iri biyu ne. Na farko mai ratsawa ne: yakan shiga kafofin, ya lulluɓe bangonsu da sinadarin silikon mai korar ruwa, amma ya bar tururi ya fita. Na biyu mai kwanciya ne a sama, yana ba da sheƙi, sai dai yana karcewa, kuma yana iya kulle danshi a ƙasa.

Yanzu mu dubi Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, inda magina Hausawa da yawa daga Nijar da Najeriya ke aiki. Ruwan saman da ake samu a nan da ƙyar yake kai milimita 10 a shekara, don haka damina ba ita ce barazana ba. Barazana ta farko yashi ce, musamman lokacin iskar gibli mai zafi da ƙura. A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ma'adinin kwaz da ke cikin yashi yana mataki na 7, dutsen allo kuwa yana ƙasa da haka sosai. Doka ce cewa mai tauri ke karce mai taushi. Ke nan kowane takun takalmi a kan yashi kankare daɓen yake yi. Barazana ta biyu ita ce gishirin da ke cikin siminti da ruwan rijiyar burtsatse: ruwa ya ƙafe, gishiri ya rage a matsayin farin gari.

Ga tsarin aikin shafa ruwan kariya mai ratsawa. Da farko a bar sabon daɓe ya bushe sarai, aƙalla kwana 3, ko fiye idan umarnin da ke jikin gwangwanin ruwan kariyar ya ce haka. A share, a goge ragowar siminti, a sake bari ya bushe. A yi shafen da sassafe, domin zafin bazara a Sabha yakan wuce digiri 40, kuma idan ruwan kariyar ya bushe kafin ya ratsa sai ya bar dusu-dusu. A shafa kaɗan-kaɗan, a jira 'yan mintuna, a goge rarar da busasshen tsumma, tagogi a buɗe saboda wari. Idan dutsen ya shanye da sauri, a ƙara shafe na biyu.

Kulawar yau da kullum kuwa sai da tsintsiya mai laushi, da tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, da cire takalmi. A guji kal da lemun tsami, domin tsaminsu yana cin simintin da ke tsakani. Idan siraran ɓawo suna ɓamɓarowa a watannin farko, ɗabi'ar dutsen ce, kuma yakan daina. Don sanin lokacin sabunta shafe, a ɗiga ruwa a kan dutsen: idan ya dunƙule, kariya tana nan, idan wurin ya yi duhu cikin mintuna kaɗan, lokaci ya yi. A riƙe cewa shafe yana hana tabo ne kawai, ba ya hana karce. Maganin karce shara ce a kullum.