Abin Da Ke Sa Kwamfuta Ta Tsaya Ana Cikin Wasa

Na lura da yawa daga cikin samarinmu na nan Gombe, in an tashi daga aji, ba su da abin hutawa sai wasan ƙwallo a kwamfuta, FIFA ko PES. Ana cikin wasa sai allon ya yi baƙi ƙirin, ko hoto ya daskare, ko ya koma shuɗi da rubutu a kai. Nan da nan sai ka ji an ce a kai ta wurin mai gyara a share kome, a sa sabon Windows. Ni ban yarda da wannan gaggawa ba. Mai yin haka yakan rasa shirin darussansa da rubutun bincikensa, cutar kuwa tana nan daram.

To, ga yadda abin ya ke. Cikin kwamfuta akwai sashe mai zana hotunan da mu ke gani, yawanci ƙirar NVIDIA ko AMD ko Intel. Windows ba ya jin harshen wannan sashe sai ta bakin wata 'yar manhaja da a ke kira direba, watau aikinta aikin tafinta ne a gaban alƙali. Tun daga Windows Vista, wanda ya fito a 2007, an kafa doka: in mai zanen ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai Windows ya sāke ta da direban. In ya farfaɗo, allo ya ƙifta, wasan ya mutu. In ya ƙi, sai shuɗin allo, sau da yawa har da sunan wanda a ke tuhuma: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ka rubuta sunan nan a takarda.

Amma tuhuma ba hukunci ba ce. Abin da na kan fara tambayar ɗalibi shi ne, yaushe abin ya soma? In ya ce tun ran da kwamfutar ta sabunta kanta ta intanet, lalle direba ne. Sai a buɗe Device Manager, a shiga Display adapters, a danna Roll Back Driver, tsohon ya dawo. In wannan bai yiwu ba, a tashi kwamfutar cikin Safe Mode, a tumɓuke direban da manhajar DDU, sa'an nan a sa wani. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka gara ya fara neman nasa a shafin maƙeranta, HP ko Dell ko Lenovo, domin sun gwada shi a kan irinta. Direban da aka kwafo daga filashin aboki kuwa, ni ba na ko duban sa.

In kuma ya ce wasan kan fara lafiya, sai an jima fanka ta kama gurnani kana ta tsaya, to, zafi ne, an ɗora wa tafinta laifin banza. Mu nan ƙurar hunturu kan toshe ƙofofin iska tun Disamba, bazara ta zo a Maris da Afirilu da zafin da ke kusantar awo 40, ga shi kuma samari kan aza ta bisa katifa. Tun 2020 Task Manager na nuna zafin mai zanen hoto, in mai zaman kansa ne. Wanda ya ga ya haura 90, ya kai a buɗe a kakkaɓe fankar, a sāke man da ke tsakanin sashen da ƙarfen sanyayawa. A duba caja kuma, gama wadda ba ta kai ƙarfin ta asali ba takan gaza sa'ad da wasa ya yi nauyi.

Saura alama guda. In ka ga layuka masu launi ko ɗige-ɗige a allo tun kafin Windows ya tashi, ba ruwan direba, domin a lokacin bai ko fara aiki ba. Ko dai allon ne, ko sashen kansa ya soma lalacewa. Ka kwashe takardunka cikin filashi a ranar, kafin ka nemi mai gyara.